Ƙanena ya karye a kan babur: me ke jawo haɗarin nan ne?

Abban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana tara ina jinyar ƙanena a asibiti. Shekararsa 19. Ranar Talatar waccan, bayan sallar magariba, ya taso daga wajen aiki ya biyo Titin Katsina, wajejen Kurna. Wata adaidaita sahu da ke gabansa ta ci birki babu sigina za ta ɗauki fasinja, shi kuma ya kauce hagu bai waiwaya ba, motar da ke tahowa a bayansa ta kwashe shi. Cinya ta karye, kai ya fashe, amma alhamdulillahi yana magana, yana gane mutane.

Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake yi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda, ni musulmi ne. To amma jiya na je na ɗauko babur ɗin daga inda aka ajiye shi, na tsaya na ƙare masa kallo. Babu madubi ko ɗaya, kuma ba a haɗarin suka karye ba, shi ya kwance su tun makon da aka saya. Wayar birkin gaba a tsinke take, an naɗe ta a jikin kan babur ɗin. Tayar baya suɗaɗɗiya kamar tafin hannu. Hular kwano kuwa bai taɓa mallaka ba. Ni na biya rabin kuɗin babur ɗin nan, kullum ina wuce shi a ƙofar gida, ban taɓa cewa uffan ba. Wannan ne ke hana ni barci.

Akwai masu sana'ar a cikinmu, akwai direbobi, akwai ma'aikatan lafiya. Don Allah ku gaya min gaskiya, me ke kashe mana yara a kan babur?

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗanlami Tsohon Ɗan Acaɓa: Amin. Abban Hanif, sannu da jinya. Ni shekara goma sha ɗaya na yi ina acaɓa a cikin Kano, har zuwa Janairun 2013 da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Sau huɗu na faɗi, kuma wallahi uku daga ciki mai mota ne ya jawo. Mai mota ba ya ɗaukar mai babur a matsayin mutum. Zai fito daga lungu ya hau titi, yana kallonka ido cikin ido, ya shigo, don ya san kai za ka kauce. Zai yi fakin ya buɗe ƙofa bai duba ba. Zai sha kwana a gabanka sai ya gama shiga sannan ya kunna sigina. Ko a labarin ƙanen naka, wa ya fara laifi? Ai mai adaidaita ne. Su yanzu duk inda aka ɗaga musu hannu nan ne tasha, ko da tsakiyar titi ne.

Alhaji Direba: Ɗanlami, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tirela nake ja tsakanin Kano da Legas sama da shekara ashirin. Bari in gaya maka abin da mai babur bai sani ba. Ina zaune a hagu, can sama. Duk abin da ya maƙale a gefen dama na motata, tun daga ƙofar yaron mota har tsakiyar bodi, akwai inda ba na ganinsa ko da madubi nawa na sa. Haka wanda ya tsaya daf da hancin motar, ƙasa da gilashi. In zan sha kwanar dama dole in buɗe hagu tukuna don bayan motar ya samu ya bi. Sai mai babur ya ga fili ya buɗe a dama, ya ce ga hanya, ya cusa kai. Ni ban gan shi ba, tayoyin baya kuma suna yanke kwana ne su shigo ciki. Nan ake mutuwa, kuma mutuwa ce marar kyan gani.

Sannan mota mai buhu 600 na siminti tan 30 ke kanta, ban da nauyin ita kanta. Ka shigo gabana ka taka birki, kana zaton zan tsaya kamar yadda ka tsaya? Ƙa'idar mai sauƙi ce, in ba ka hango fuskata a madubina ba, ni ma ban gan ka ba.

Ɗanlami Tsohon Ɗan Acaɓa: Wannan na tirela gaskiya ne Alhaji, ban musa ba. Na ga an yi a gabana a hanyar Dawanau. Amma ƙananan motoci fa, su ma ba sa gani ne?

Alhaji Direba: Wasu raini ne, na yarda. Wasu kuma da gaske ba su gani ba. Babur siriri ne, da magariba ga ƙura ga hayaƙi, mutum ya sa baƙaƙen kaya, fitilar baya ta mutu tun bara. Ka bi hanyar Gwarzo ko ta Wudil da dare ka ƙirga baburan da ba su da jar fitila a baya. Sai ka zo daf da mutum sannan ka ga inuwa. Lokacin hunturu da hazo ya sauka kuwa ba a magana.

Khalifa: Ni dai maganar madubi da birkin gaba ce ban gane ba. Duk abokaina babu mai madubi, cikin cunkoso yana maƙale wa mutum, kuma ai waiwaya ta fi. Birkin gaba kuma kowa ya san kayar da mutum yake yi. Ni an ce min kar in kuskura in taɓa shi.

Baba Makaniki: Ɗana Khalifa, wanda ya gaya maka haka ya cuce ka, ko da bai yi niyya ba. Shekara talatin ina gyaran babur, tun zamanin Suzuki da Yamaha har aka zo Jincheng, yanzu ga Boxer da Lifan da TVS. Ka saurare ni da kyau.

In ka ja birki, nauyinka da na babur gaba yake tafiya. Tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Saboda haka yawancin ƙarfin tsayawa a gaba yake. Mai taka na baya shi kaɗai, da ya taka da ƙarfi taya ta kulle, sai ta riƙa jan ƙasa, bayan babur ya juya, kuma bai tsaya ba. Abin da ke kayar da mutum a birkin gaba shi ne fizga lokaci ɗaya, musamman a kan yashi ko cikin kwana. Ana matsa shi ne a hankali, kamar mai matsar lemo, a ƙara a ƙara, tare da na baya. Wannan koyo ake yi a fili, ba ranar da akuya ta shigo gabanka za ka fara ba. Amma mu nan yaro zai koyi babur da yamma ɗaya a filin makarantar firamare, an nuna masa kuloci da giya da totur, washegari ya hau Titin Zariya. Babu wanda ya koya masa tsayawa.

Madubi kuma, ka ce waiwaya ta fi. Lokacin da ka juya kai baya, wa ke kallon gaba? Kuma kai na juyawa hannu na bin sa, babur ya karkata. Ƙanen Abban Hanif da yana da madubi, tun kafin adaidaitar ta tsaya ya san akwai mota a hagunsa, da birki zai nema ba kaucewa ba. To birkin ma rabi gare shi.

Kullum ana kawo min sabon babur daga kwali a ce Baba cire madubi, cire sigina, buɗe salansa ya yi ƙara. Da ina cirewa, ba zan ɓoye ba. Yanzu na daina, wanda ya ji haushi ya je gaba.

Khalifa: To Baba na ji. Wallahi ban taɓa sanin haka birki yake ba.

Baba Makaniki: Saura taya. Mutum zai sa mai na dubbai kullum amma ya hau taya har zare ya fito. A busasshiyar kwalta za ta kai ka, ranar da aka yi yayyafin farko na damina, ruwa ya taso da man da ya zuba a titi, sai ka ji ka a ƙasa ba ka san dalili ba. Ga masu cika iska fiye da ƙima don su ɗora buhu uku na masara, tayar ta yi tauri kamar dutse, ba ta kama ƙasa. Ga cen da ya saki, ya fita daga haƙori ya kulle tayar baya ana cikin gudu. Duk waɗannan duban minti biyu ne da safe.

Malam Injiniya: In ƙara a kan ta Baba da ɗan lissafi. Mai tafiya kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ka duba waya na daƙiƙa biyu, ka yi mita 33 ke nan ido a rufe. Kuma in ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Shi ya sa wanda ke kan 40 zai tsaya ya yi salati ya wuce, wanda ke kan 80 a wuri guda sai dai a kwashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato dai sa'o'in ƙanen nan namu.

Ɗanlami Tsohon Ɗan Acaɓa: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka tambayi me ke sa gudun. Yawancin masu haya babur ɗin ba nasu ba ne. Akwai balas da za ka kai wa mai shi kullum, ko ka samu ko ba ka samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. A garuruwan da har yanzu ake acaɓa za ka ga an ɗora mutum uku, wani lokaci huɗu, direba na zaune a kan tanki, gwiwarsa na tokare kan babur, ko juya shi da kyau ba ya iyawa. Wani ya kashe inji a gangara don ya rage shan mai, alhali injin ne ke riƙe masa gudu. Wani ya bi hannun da ba nasa ba don kar ya je zagaye mai nisa. Mutum ya fito tun asuba har goma na dare, yana gyangyaɗi a kan babur.

Nan ƙwaya ke shigowa, kuma gara in faɗa da bakina. A zamaninmu gadagi ake sha a tasha. Daga baya tiramol ta zo. Wanda ya sha ba ya jin gajiya, ba ya jin tsoro, ramin da zai rage gudu a kansa sai ya ga kamar babu. Na san waɗanda farfaɗiya ta kama a kan babur saboda ita. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayar tana nan.

Abban Hanif: Malam Ɗanlami na gode da ka faɗi wannan. Amma nawa ƙanen ba haya yake yi ba, babu mai binsa balas, kuma ban san shi da shaye-shaye ba. Gida kawai zai dawo. Shi ya sa nake ganin abin ya wuce talauci.

Sadiya: Ni gwamnati nake ɗora wa. Ramuka ko'ina, kwatoci a buɗe, fitilun titi ba sa ci. Masu gini su zube yashi da tsakuwa a kan kwalta su tafi. Kowace unguwa su tashi su yi tudun rage gudu da kansu, ba fenti ba alama, da dare sai dai ka ji ka yi sama.

Abban Hanif: Haka ne Sadiya, musamman tudun nan da yashin. Amma inda abin ya same shi kwalta ce lafiyayya.

Maman Ilham: Ku bari in yi maganar mata, don ku maza ba za ku tuna da ita ba. Maƙwabciyata maigidanta ya goyo ta za su asibiti awo, gefen hijabinta ya shiga silin tayar baya. Kafin ya ankara ya naɗe ya fizgo ta ƙasa ta baya. Allah ya tsare cikin, amma ta yi wata biyu ba ta iya juya wuya. Dogon hijabi, mayafi, bakin zani, har babbar rigar maza, duk taya na ci. 'Yan uwa mata, kafin a tashi ki tattare kayanki ki danne a cinya. Maigida kuma ya waiwaya ya duba kafin ya ba da wuta, ya kuma mayar da murfin cen ɗin da ake cirewa.

Sai zaman gefe ɗaya, ga goyo a baya, ga wani yaron a kan tanki, ga kwanon abinci a hannu. Da me za ta riƙe in an faɗa rami? Na san kuɗin adaidaita ya yi tsada, ni ma ina hawa. Amma raina ba ya kwanciya in na ga jariri a bayan uwa kansa na lilo a kan titi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano. Nan wajenmu ma haka abin yake da 'yan kabu-kabu. Abin da ya fi damuna shi ne ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, samari su yi jerin gwano da moto, wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya saki hannu, wani ya miƙe tsaye. Gidan biki ya koma gidan makoki. Kuma manya na tsaye suna kallo, wasu har tafi suke. A hanyoyin ƙauye kuma dabbobi ne, jaki ko akuya su ratso ba sallama.

Anti Nas: Sannu Abban Hanif. Na yi shekaru a sashen ba da agajin gaggawa, bari in faɗi abin da muke gani. Karaya ana gyara ta, ko an daɗe. Wanda ya je Asibitin Ƙashi na Dala ya ga yawan matasan da ke kwance da ƙarfe a ƙafa zai san haka. Kai ne ba shi da gyara. Yawancin waɗanda muke rasawa buguwar kai ce, kuma ba sai ana gudu sosai ba, gefen kwalbati ya isa.

Ku tuna 1 ga Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta hular kwano. Me muka yi? Wasu suka kifa ƙwarya, wasu robar fenti, aka baza jita-jitar cewa ana tsafi da hular a sace mutum. Ba a daɗe ba maganar ta bi ruwa. Yanzu wanda ma ya sa, sau da yawa hular leburan gini ce, ko kuma bai ɗaure igiyar haɓa ba, kafin kansa ya kai ƙasa ta riga ta tashi. Na san akwai zafi, na san ba kowa ke son sa wadda wani ya cire ba. To mutum ya sayi tasa.

Wani abin kuma, yadda ake ɗaukar wanda ya faɗi. Jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai na reto, a cusa shi a adaidaita a naɗe. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, a wajen ɗaukar nan ake ƙarasa shi. A riƙe kai da wuya su daidaita da jiki, a nemi katako ko wani abu shimfiɗaɗɗe. Kar a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsafta. Lambar FRSC ta gaggawa 122 ce. Kuma wanda ya bugu a ka ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, kar a bar shi ya tafi gida ya kwanta. Jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali. In ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko surutai, a gudu asibiti.

Sadiya: Anti, ɗorin gida fa? Mu a gidanmu shi ake yi.

Anti Nas: Ba na zagin masu ɗori, akwai waɗanda suka gada. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta cinya, ko wadda ƙafa ta fara sanyi tana canja launi, ba ta gida ba ce. In aka ɗaure da karare aka matse, jini ya daina zuwa, naman ya mutu. Na sha ganin an kawo yaro bayan mako biyu, babu abin da ya rage sai yankewa. A fara yin hoto tukuna, ko me za a yanke shawara daga baya.

Ustaz Abu Maryam: Allah ya ba shi lafiya. Abban Hanif, maganarka ta farko nake so in koma wa. Masu cewa ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, kuma ta'aziyya ce mai kyau ga wanda abu ya riga ya sama. Kuskuren shi ne a mayar da ita hujja tun kafin abin ya faru. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Birki da madubi da hula su ne igiyar. Kuma wanda ya yi tuƙin ganganci ya kashe wani, akwai diyya da kaffara a kansa, ba a cewa ƙaddara ce a watse. Mu masu hawa mumbari ma muna da gyara, ban tuna ranar da na ji huɗuba a kan haƙƙin hanya da tuƙi ba. In sha Allah zan yi a masallacinmu.

Ɗanlami Tsohon Ɗan Acaɓa: Malam in za ka yi, ka haɗa da iyaye masu ba ɗan shekara 12 makulli ya je cefane, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa. Doka ta ce sai 18, kuma babur ma yana da lasisinsa, rukunin A. Ni har na bar sana'ar ban taɓa yi ba, babu kuma wanda ya taɓa gwada ni ya ga na iya. Amma ka haɗa da masu mota, ban janye ba.

Alhaji Direba: A haɗa da mu, ban ƙi ba.

Abban Hanif: Na gode ƙwarai 'yan uwa, na karanta duka. Ɗazu na tambaye shi dalilin cire madubin, ya ce abokai ne ke cewa babur mai madubi na dattawa ne. Ya faɗa yana hawaye. Likita ya ce ranar Alhamis za a shiga da shi tiyata a sa ƙarfe a cinyar, ana neman jini leda biyu, mun samu ɗaya. A sa mu a addu'a.

Baba Makaniki, akwai wani babur ɗin a gidanmu, na ɗan yayana, shi ma na duba babu madubi, birkin gaban ya saki. Na karɓe makullin. Yaushe zan kawo maka?

Baba Makaniki: Ka kawo Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi. Ka zo da yaron, kar ka aiko shi shi kaɗai. In mun gama gyara akwai fili a bayan garejin, zan sa shi ya yi ta tsayawa da birki biyu har hannunsa ya saba. Khalifa, kai ma in kana kusa ka zo da naka.

Khalifa: Zan zo Baba. Madubin nawa suna nan a ƙarƙashin gado, zan taho da su.

Anti Nas: Abban Hanif, wane rukunin jini ne? Ka rubuto nan, wataƙila a samu mai bayarwa a cikinmu kafin Alhamis.